Yadda Ake Kafa Rayuwa a Kan Sana'ar Gilashi da Koyar da Ita a Maraɗi

Idan baƙo ya sauka a Maraɗi ya tambayi inda mai gilashi yake, ba wurin mai narka kwalba ko mai busa kofi za a kai shi ba. Za a nuna masa rumfar masu aikin alminiyom, inda ake yanka gilashin taga, da madubin ɗakin amarya, da akwatin da masu sayar da wayar salula ke jera hajarsu a ciki. Samari da yawa da suka ga hotunan masu busa gilashi a intanet suna raina wannan rumfa, suna zaton fasahar duk tana bakin wuta. Shawarata ga wanda yake son ya ci abinci da gilashi, har wata rana ya koyar da wasu, ita ce ya fara daga wannan rumfar da ake rainawa, ya yi aƙalla shekara guda bai hura wuta ba.

Dalilin haka shi ne, gilashi yana da hali, kuma halin nasa ya fi saurin bayyana ga mai yanka shi da sanyi. Alƙalamin yankan gilashi ba ya yankawa a zahiri. Ƴar ƙaramar dabaran da ke bakinsa tana jan layi ne kawai a kan fuskar gilashin, sai tsaga ta bi wannan layi idan aka danna. Ana tsoma bakin alƙalamin a kananzir, a ɗora maja-layi, a ja sau ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da tsayawa ba. Kunne ne alƙali a nan: idan ka ji ƙara siririya mai ɗorewa kamar ana keta sabon yadi, hannunka ya daidaita, idan kuwa ka ji gurza kuma ka ga farin gari yana tashi, ka danna fiye da kima. Ba a maimaita layi, domin maimaitawa tana lalata dabaran kuma tana karkatar da tsagar, kuma ba a jan layi a tafi salla a dawo sannan a karya. Ana karyawa nan take. A wannan rumfa ce za ka san bambancin mai kaurin milimita 3 da mai milimita 6 da hannunka ba da ma'auni ba, ka koyi ɗaukar babban falle a tsaye ba a kwance ba, ka kuma gane cewa gilashin ƙofar mota, wanda aka gasa aka ƙarfafa, ba ya yankuwa ko kaɗan, domin da zarar an raunata shi sai ya tarwatse ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa.

Tun a wannan shekara ta farko ka nemi izinin maigidanka ka riƙa tattara guntayen da ake zubarwa. Da su za ka fara aikinka na kanka da yamma: jera guntayen madubi da na gilashi mai launi a kan katako don yin firam, ko faifan ado, ko allon suna na ƙofar shago. Daga nan ka koyi yanka kwalba. Ana jan layi ɗaya ya kewaye cikinta, sannan a riƙa zuba ruwan zafi da na sanyi bi da bi a kan layin har ta rabu da kanta, a goge bakin da takardar gogewa mai jure ruwa, irin wadda masu fentin mota ke aiki da ita, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har sai ka iya shafa bakin a leɓenka ba fargaba. Kofi, da mazubin fure, da murfin fitila duk suna fita daga nan. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wani guba ba ta zama kofi, ko da an wanke ta sau goma.

Sanin abin da ke hannunka

Gilashin kwalba da na taga haɗi ne na yashi, wanda ya kai kusan kashi saba'in cikin ɗari, da sinadarin soda, ɗan'uwan kanwar da muka sani, da kuma farar ƙasa ta dutse. A masana'anta ana narka su a zafin da ya kai wajen digiri 1500, zafin da murhun gida ba zai riƙe ba sai da asarar makamashi mai yawa. Saboda haka kada ka sa wa ranka cewa za ka ɗebo yashin Gulbi ka mayar da shi gilashi. Fasasshiyar kwalba ita ce ma'adininka, domin an riga an yi mata wahalar farko, kuma tana laushi a zafin da bai kai wancan ba da nisa. Launin da kake gani a jikinta ba fenti ba ne, ƙarfe ne da aka narka a ciki: kore daga baƙin ƙarfe ko kuromiyom, shuɗi mai duhu daga kobal, ruwan ƙasa daga haɗin baƙin ƙarfe da farar wuta da gawayi. Shuɗiyar kwalba tana da wuyar samu a garin nan, don haka idan yaran da ke tsinto maka kwalabe suka kawo ta, ka ƙara musu wani abu a kan abin da kuka saba.

Ya kamata kuma ka san cewa sana'ar nan ba baƙuwa ba ce a yammacin Afirka. Masu tonon tarihi sun gano a Igbo Olokun, cikin Ile-Ife, cewa ana yin gilashi tun daga ɗanyen kaya tsakanin ƙarni na 11 da na 15. A Bida ta ƙasar Nufawa akwai unguwar Masaga, inda gidaje suka gaji narka gilashi suna yin awarwaro da tsakiya; a da suna haɗa nasu gilashin da yashi da kanwa, daga baya suka koma ga kwalabe, kuma su da kansu suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Mutanen Krobo a Gana suna daka kwalba su mayar da ita gari su gasa duwatsun ado a mazubin yumɓu, matan Kiffa a Muritaniya kuma suna da nasu salon na zana ƙananan duwatsu da garin gilashi. Wanda ya samu hali, bayan ya bincika lafiyar hanya, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya je Bida ya gani da idonsa. Sai dai ya tafi ta hannun wani da aka sani, ya fara gaida manyan gidan, kuma kada ya yi tsammanin za a buɗe masa abin gado a rana ɗaya don kawai ya zo daga nesa.

Daga cikin waɗannan hanyoyi, wadda na ga ta fi dacewa da mai ƙaramin jari a Maraɗi ita ce ta garin kwalba, domin kusan duk kayanta suna kewaye da mu. Za ka wanke kwalaben, ka kankare takardar jikinsu, ka ware su launi-launi, ka daka a turmin ƙarfe wanda ba zai sake komawa madafa ba har abada, sannan ka tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Mazubin kuwa faifai ne na yumɓu mai kaurin yatsa biyu, wanda aka huda wa ramuka daidai girman dutsen da kake so, da ɗan ƙaramin rami a gindin kowanne. Duk mai ginin tukwane zai gane shi da gani ɗaya, kuma gara ka ba shi ya yi maka ya gasa, maimakon ka ɓata wata uku kana koyon abin da ya gada. Kafin zubi ana shafe ramukan da ruwan farin yumɓu a bar su su bushe, in ba haka ba gilashin zai manne ya ƙi fita. A kowane rami ana tsayar da busasshen karan ganyen rogo, a zuba gari a kewaye da shi, launi bisa launi idan ana son zane. Wuta za ta cinye karan ta bar ƙofar da zare zai bi. Murhun ana gina shi da ƙasar suri, a shimfiɗa ƙarafan tsohuwar mota a ciki don ɗora mazuban, kuma garin yana haɗewa ne a tsakanin digiri 700 da 850, cikin abin da bai cika wuce minti arba'in ba. Bayan sun huce ana goge duwatsun a kan faffaɗan dutse da yashi da ruwa, a ɗan shafa musu mai, sai launin ya fito.

Maganar makamashi tana bukatar tunani tun kafin a aza tubalin murhu. Itace yana da tsada a nan, kuma wannan jiha ce manomanta suka yi suna a duniya da sassaben zamani tun shekarun 1980, suna rainon kututturen da a da ake tumɓukewa har gonaki suka sake yin inuwa. Bai dace mai fasaha ya zama shi ne mai cinye wannan wahala ba. Murhu ƙarami mai kaurin bango, wanda aka cakuɗa ƙasarsa da ƙaiƙayi don ya riƙe zafi, ya fi babba wanda rabin wutarsa ke tafiya sama, kuma iskar gas, wadda ta ƙara samuwa tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, ta fi sauƙin sarrafawa. Kada ka hura wuta don mazubi biyu. Ka tara aikin mako ka gasa a zama ɗaya.

Hucewa

A nan ne mafi yawan masu farawa suke karaya, kuma a nan ne zan daɗe. Gilashi ba ya yafe gaggawa wajen hucewa. Idan ya fito daga wuta, bayansa ne ke fara sandarewa alhali cikinsa yana da sauran laushi. Sa'ad da cikin ya zo hucewa sai ya nemi ya tsuke, bayan kuma ya riga ya ƙi motsi, sai ja-in-ja ta zauna a cikin dutsen ba tare da ido ya gani ba. Dutsen zai fito da kyau, ya gogu, ya shiga zare, sannan bayan kwana uku ko wata guda ya tsage shi kaɗai a cikin akwati. Maganin wannan shi ne a riƙe gilashin kwalba a wajen digiri 540 na kimanin rabin sa'a idan ƙanana ne, sannan a sauko da zafin sannu a hankali har ya bar digiri 450, kafin a ƙyale murhun ya huce da kansa. Idan kaurin abu ya ninka sau biyu, lokacin da yake bukata yana ninkawa kusan sau huɗu, shi ya sa faranti mai kauri yake cin yini guda a inda dutsen wuya yake cin sa'a biyu.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana iya toshe bakin murhun da tubali da laka da zarar an gama gashi, ko ya binne aikin a toka mai zafi, ya bar shi ya kwana. Amma ina ganin ma'aunin zafi mai sandar ƙarfe, wanda ake sakawa ta ƙaramar ƙofa a bangon murhu, shi ne abu na farko da ya cancanci ka sayo da ribar farko, kafin sabuwar waya. A lokacin hunturu ka yi hattara da iska, domin buɗe murhu na ƙiftawar ido a safiyar Janairu ya isa ya fasa aikin mako. Mai murhun lantarki kuma, idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da ya fi masa shi ne ya bar ƙofar a rufe ya riƙe hannunsa, komai son da yake yi ya leƙa.

Akwai kuma fasawar da ba ta da alaƙa da gaggawa, wato ta haɗa gilashi iri biyu. Kowane gilashi yana da gwargwadon yadda yake buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, kuma idan aka narka biyu da ba su dace ba a wuri ɗaya, ko an bi duk ƙa'idar hucewa sai sun rabu. Gilashin kwanon da ake sawa a tanda da na ɗakin gwajin kimiyya ba ya haɗuwa da na kwalba sam, kuma ko kwalba da kwalba ba a rantsuwa a kansu sai an gwada. Na koyi wannan ne da kunya. A shekarata ta biyu da fara gashi na daka wani fasasshen kwano fari na haɗa da koriyar kwalba, duwatsun suka fito da wani zane kamar gajimare, har wata dattijuwa ta saya don kayan lefen ɗanta. Kwana huɗu bayan haka ta aiko jikarta da su a ƙulle a gefen ɗankwali, ta biyo baya da kanta. Ta ce, "Malam, ko da gangan ka yi su su riƙa haihuwa? Na sayi talatin, yau na ƙirga na samu sun fi hamsin." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne," na mayar mata da kuɗinta, kuma na yi wata biyu ina kauce wa layin gidansu.

Tun daga ranar ba na sayar da sabon haɗi sai na gwada shi. Gwajin ba shi da wuya: a gasa guda goma, a sa su a firiza su kwana, a fito da su su dawo zafin ɗaki da kansu, a ajiye su mako biyu. Idan gilashin garau ne ana ganin ta cikinsa, ka ɗora shi a gaban farin allon kwamfuta ka duba ta tabarau irin na direbobi mai kashe ƙyalli, kana juya shi a hankali. Inda ja-in-ja ta ɓuya za ka ga wani haske ko launi kamar bakan gizo. Duk wannan ka rubuta shi a littafi ɗaya da ba ya barin wurin aikin: irin kwalbar, da yawan garin, da lokacin da aka hura wuta, da lokacin da aka toshe, da yanayin iskar ranar, da adadin da ya fashe. Bayan shekara biyu wannan littafi zai fi kowane kayan aikinka daraja, kuma shi ne zai zama manhajarka ranar da ka fara koyarwa.

Game da busa gilashi, wanda shi ne ya fi jan ido, zan taƙaita. Tun ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa aka gano shi a yankin Sham, kuma har yanzu sharaɗinsa bai sauya ba: tukunyar narkakken gilashi da ke zaune a sama da digiri 1000, sau da yawa dare da rana. Ko a Amurka sai a 1962 Harvey Littleton ya nuna a birnin Toledo cewa mai fasaha zai iya yin wannan da ƙaramin murhu ba sai a masana'anta ba. A Afirka akwai Ngwenya a Eswatini da Kitengela kusa da Nairobi, duka suna busa tsofaffin kwalabe, amma suna da masu yawon buɗe ido a ƙofarsu. Mutum ɗaya a Maraɗi ba zai ɗauki wannan jinka ba a shekarunsa na farko. Abin da zai iya shi ne aikin harshen wuta, wato narka siririn gilashi a bakin wutar gas yana naɗa shi a kan tsinken ƙarfe da aka shafa wa yumɓu, wanda ke ba da dutsen carbi da na ƴan kunne masu sheƙi.

Jikinka ma jari ne. Ƙurar dakakken gilashi tana cutar da huhu, ta busasshen yumɓu kuma tana taruwa a huhu ta jawo ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba ya warkewa, saboda haka ana daka a rufe, a goge da ruwa, a share wurin da jiƙaƙƙen tsumma ba da tsintsiya ba, kuma a sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, ba rawani ko gefen mayafi ba. Tabarau wajibi ne wajen yanka da wajen wuta. Tufafin auduga ake sawa, domin yadin roba yana narkewa ya manne a fata, kuma silifa ba takalmin wannan aiki ba ne. Gilashi mai zafin digiri 400 kamarsa ɗaya da mai sanyi, don haka a ware wuri guda da kowa ya san abin da ke kansa ba a taɓawa. Idan an ƙone, ruwa mai sanyi ake zubawa na kimanin minti ashirin, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba. Gilashin tsohon talabijin yana da dalma, dogon ƙwan lantarki kuma yana da zaiba, duka biyun ba sa shiga turmi. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ka mayar da gashi bayan asuba ko bayan isha'i, haka ma a watan azumi.

Kuɗi da kasuwa

Sana'ar nan a garinmu ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Aikin taga da madubi shi ke kawo cefanen yau da kullum, aikin ado shi ke kawo suna da riba mai kauri amma a lokaci-lokaci, koyarwa kuma ita ke cike giɓin watannin da kasuwa ta kwanta. Kada ka yar da na farko don na biyu ya fara karɓuwa. Kasuwar ado tana tashi ne da kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo aka shiga bukukuwan aure, da kuma gabanin sallah ƙarama da babba, saboda haka damina lokacin tara kaya ce da gwada sabon haɗi.

Wajen sa farashi, kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ce ai kwalba kyauta ce. Ka lissafa ladan masu tsinto ta, da gas, da mazubin da ke fashewa bayan wasu gashi, da zare, da yinin da ka yi kana gogewa. Mu ƙaddara ka gasa ɗari biyu, talatin suka tsage, ashirin kuma ba su yi kyan da za ka sa sunanka a kansu ba. Kuɗin da ka kashe a kan ɗari da hamsin ɗin da suka rage za ka raba shi, ba a kan ɗari biyu ba. Aikin da aka sa ka, musamman mai suna ko mai awo na musamman, ba a fara shi sai an karɓi kafin alƙalami da ya rufe kuɗin kaya. Kuma kada ka shiga gasar araha da duwatsun roba da na gilashi da ake shigowa da su buhu-buhu daga Sin, domin ba za ka ci ba. Abin da kake da shi wanda ba su da shi shi ne zanen gida: dagi, da aska takwas ta wuyan babbar riga, da zanen ƙwarya, da zayyanar bangon gidajen Birnin Damagaram. Mai saye a Yamai ko a waje wannan yake biya.

Dillaliya mai shiga gidaje ta fi kowane shago kai kayan ado ga matan aure, in dai kun yi ƙa'ida a kan lada da ranar kawo kuɗi. Hoto kuma ka ɗauke shi da safe, haske yana bayan gilashin ba a gabansa ba, kafin ka sa a WhatsApp ko Facebook. Ka yi rajista da majalisar masu sana'ar hannu ta ƙasa, CMANI, ka kuma nemi rumfa a baje koli irin SAFEM na Yamai, wanda aka kafa don sana'o'in mata, ko SIAO da ake yi a Wagadugu duk shekara biyu. Kaya masu tafiya nesa a naɗe kowanne shi kaɗai, a cusa su a kwali yadda ko an girgiza ba a jin motsi.

Koyarwa

Kada ka karɓi ɗalibi sai ka kai inda za ka ɗauki fasasshen dutse ka faɗi abin da ya fasa shi, hucewa ce ko haɗi ko mazubi. Wanda bai kai nan ba kuskurensa zai raba wa yara. Idan ka kai, to, kada tsoron kishiya ya hana ka. Hukumar birnin Banis, a Italiya ta yau, ta tattara masu gilashinta a tsibirin Murano a 1291, daga baya ta hana gwanayensu fita da sirrin sana'ar, amma duk da haka sirrin ya fita ya bazu a Turai. A garin da mai wannan aiki bai fi a ƙirga da yatsu ba, ƙaruwar masu yi ita ke sa mutane su san akwai abin har su neme shi.

Ka fara da zama da iyayen yaro a gaban shaida, a faɗi tsawon koyo, da abin da za a biya ko aikin da zai tsaya a madadinsa, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan an ji rauni, da sa'o'in da ba za su ci karo da makarantarsa ta boko ko ta allo ba. Tsarin koyon kuwa shi ne hanyar da kai ka bi: wanki da ware kwalabe, sannan yanka, sannan gogewa, sannan zubi, wuta a ƙarshe. Sai dai kada ka mayar da wankin kwalba bauta ta shekara guda kamar yadda wasu iyayen gida ke yi. Yaron da ya yi wata biyu bai riƙe abin da ya yi da hannunsa ba zai gudu, kuma yana da gaskiya. A makon farko ma ka bar shi ya yanka kofi ɗaya ya kai wa mahaifiyarsa.

A bakin wuta ɗalibai huɗu sun isa, domin ido biyu ba sa tsaron fiye da haka. Ka nuna sau ɗaya a hankali ba magana, ka sake nunawa kana bayani, sannan ka koma gefe ka harɗe hannuwanka. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya ga gwani, domin hannunsa yana ƙaiƙayin ƙwace aikin. Idan yaro ya kawo maka fasasshen abu ya ce, "Maigida, ya fashe," kada ka ba shi amsa. Ka ce ya ɗauko littafin, ku duba abin da ya rubuta a ranar gashin, ya nemo dalilin da bakinsa. Ka koyar da Hausa, amma ka ba su sunayen kaya da Faransanci su rubuta, saboda ranar da za su yi odar kaya ko su zauna jarrabawar sana'a.

Aikin garin kwalba ya dace da mata ƙwarai, domin zubi da zane da gogewa da shiryawa a zare duk ana yin su a tsakar gida, gashi kaɗai ke bukatar murhu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka koyar da mace ɗaya daga cikin danginka har ta ƙware, ita kuma ta buɗe aji a cikin gida, a riƙa kawo mazuban murhu ɗaya ranar gashi, kuɗin gas kuma a haɗa shi kamar adashi. Idan aikinka ya zauna, ka kai samfurinsa cibiyoyin koyon sana'a, ka kuma bincika shirye-shiryen asusun FAFPA, wanda aka kafa don tallafa wa horon sana'a da koyo a wurin aiki. Malamin kimiyya a makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo aboki ne mai amfani, domin shi yana da bayanin abin da kai ka sani da hannu. Duk yadda ɗalibai suka yi yawa, ka keɓe kwana biyu a mako da ba ka koyar da kowa, kana aikinka na kanka, in ba haka ba bayan shekara biyar za ka tarar kana koyar da abin da ka daina iyawa.

Yaye ɗalibi ba da ƙirgen watanni ake yinsa ba. Ka ba shi buhun kwalabe da ba a ware ba, ka bar masa wurin aikin kwana uku, kada ka leƙa. Shi zai ware, ya daka, ya zuba, ya gasa, ya toshe murhu, ya goge, ya shirya abin wuya guda biyar, ya rubuta lissafin farashinsu a takarda. Ka karɓa ka kulle su a akwati tsawon kwana arba'in. Idan an buɗe aka tarar ba wanda ya tsage, sai ka aika wa iyayensa a sa ranar walima, ka tanadar masa alƙalamin yanka sabo, da mazubi goma, da kwafin littafinka na gashi.